An bar jaki ana dukan taiki: fashin baƙi a kan tsaki, mita da ƙorafin mutumin Bauchi

Wata Laraba cikin watan Afrilu na zauna na ƙirga tsakin da na yi daga tashina barci zuwa azahar. Maiɗakina ce ta jawo. Da daddare ta ce min, "Malam, kwanan nan tsakinka ya fi maganarka yawa." Na musa, ta ce to in ƙirga. Goma sha ɗaya na samu kafin ladan ya kira salla, kuma ina zargin wasu sun sulale ban lura ba.

Na farko tun ban sa takalmi ba, don wayata ta kwana a jikin soket tana jiran wutar da ba ta zo ba. Na biyu na mai ruwa ne, da ya ce jarka ta ƙara kuɗi saboda mai bohol da janareta ya tayar. Daga na uku zuwa na shida kuwa duk a kan mutum ɗaya suka sauka, wani yaro mai Keke Napep da ya ɗauko ni daga Yelwa zuwa Wunti.

Na sauka na miƙa masa dubu ɗaya. Ya kalle ta kamar na miƙa masa sammaci.

"Oga, ba canji fa. Yanzu na fito."

"To da ka ɗauke ni ba ka san za a biya ka ba?"

Bai tanka ba. Ya kashe keken ya sauko, ya nufi wata mai lemo, tun kafin ya ƙarasa ta girgiza masa kai. Ya je wurin mai goro, shi ko ɗago kai bai yi ba. A cikin keken akwai wata tsohuwa da ƙullin kayanta a cinya, ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, rana fa tana yi." Daga ƙarshe ruwan leda ya saya, wanda ba ya buƙata, don kawai a fasa masa dubun. Ya dawo yana gumi ya zuba min canji a hannu, ciki har da wata naira 200 da aka ɗaure tsakiyarta da salatif. Na ce ba zan karɓa ba. Ya ce, "Wallahi Oga haka aka ba ni." Na yi tsaki na cusa ta a aljihu, saboda na makara.

Duk abin nan bai wuce minti bakwai ba, kuma babu wanda ya rasa ko sisi. Amma na kai awa guda ina jin wani abu tokare a maƙogwarona, shi ma yaron na tabbata fasinjansa na gaba ya sha ɗaurin fuska ba tare da ya san dalili ba.

Abin da nake so in yi fashin baƙi a kai ke nan. Me ya sa abubuwan da ba su kai a kira su matsala ba suke gajiyar da mu haka, ina takaicinsu yake tafiya, kuma furta shi da muke yi a teburin mai shayi da a waya yana rage shi ne ko ƙara masa gishiri yake yi.

Babbar musiba tana da tsarinta a wurin Bahaushe. In mutuwa ce akwai ta'aziyya da zaman makoki. In gobara ce akwai jaje, har da karo-karo. In ciwo ne akwai dubiya, a zo maka da lemo da ayaba. Al'ada ta tanadar wa kowace babbar wahala kalmarta da mutanen da za su taya ka ɗauka. Ƙaramar wahala kuwa marainiya ce. Babu wanda zai zo maka jaje don tela ya ci amanarka, ko don ka tura kuɗi an cire a asusunka ba su shiga can ba. In ma ka faɗa, amsar da za ka samu ita ce, "Wannan ai ba komai ba ne." Kuma da gaskiyarsu, ɗaya ɗin ba komai ba ne. Matsalar ita ce ba ɗaya ɗaya suke zuwa ba.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da wannan. A 1981, Richard Lazarus da abokan aikinsa a Kalifoniya ta Amurka suka wallafa wani bincike da suka bi mutum 100 wata-wata har tsawon wata goma, suna tambayarsu ƙananan abubuwan da suka ɓata musu rai. Abin da suka gano shi ne, yawan waɗannan ƙananan ya fi nuna halin damuwar da mutum yake ciki a kan manyan al'amuran rayuwa irin su mutuwar aure ko rasa aiki. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Babban abu yakan zo ya wuce, jiki ya warware. Ƙaramin kuwa kullum yana bakin ƙofa, yau da gobe, kamar ɗigon rufin da ke yoyo a kan tabarma guda.

Sai kuma harshenmu, wanda tun a gaisuwa yake rufe wa kuka ƙofa. "Ina gajiya?" "Ba gajiya," ko da kafaɗarka na neman ɓallewa. "Ya zafi?" "Lokacinsa ne." "Ya mai jiki?" "Da sauƙi," ko da likita ya riga ya kira dangi gefe. "Ya haƙuri?" "Haƙuri sai ma'aiki." Ni ina son wannan ɗabi'a, kar a yi min mummunar fahimta. Akwai mutunci a cikinta, akwai tawakkali, kuma tana hana a mai da kowace haɗuwa zaman makoki. Amma tana da farashi. Mutum ya gaisa da mutum talatin a yini, ya ce wa kowa lafiya lau, alhali cikinsa cike yake. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to amma shi ma yana da iyaka, kuma abin da aka danne ta nan yakan ɓullo ta can.

Shi ya sa muke da kalmomi da yawa na hanyoyin da yake ɓullowa, kuma kowace da matsayinta. Tsaki shi ne ƙarami, sauti ne kawai, amma yaro ya yi shi a gaban babba ya ga yadda ake ɗaukarsa. Ƙunƙuni da gunaguni magana ce ƙasa-ƙasa, ta wanda yake so a ji amma ba ya so a kama shi. Habaici da gugar zana na wanda ya san mai laifin, yana ma kallonsa, sai dai kunya ko tsoro sun hana shi kama suna. Mita kuwa maimaici ce, magana ɗaya safe da yamma, har mai sauraro ya haddace. Sai ƙorafi da koke, su ne kaɗai a cikin jerin suke da adireshi: akwai wanda ake kai wa, kuma ana sa ran ya yi wani abu.

Wannan bambancin na adireshi shi ne gishirin maganar a ganina. Yawancin abin da muke yi a Bauchi mita ce, ƙorafi kaɗan ne. Abin dariya ma, na'urar da ke auna wutar lantarki sunanta mita, kuma gidan da ba shi da wannan mitar shi ya fi yin waccan, don shi ake kawo wa takardar kuɗin ƙiyasi a ƙarshen watan da rabinsa a duhu aka yi shi.

In ka bi tsakina goma sha ɗaya ɗin nan da kyau, za ka ga yawancinsu 'yan gida ɗaya ne. Ɗauki wuta. Hukumar NEPA da har yau yara ke kiran sunanta in fitila ta kama, an canza ta zuwa PHCN tun 2005, sannan a Nuwamban 2013 aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni 11. Bauchi da Gombe da Filato da Binuwai suka faɗa ƙarƙashin na Jos. Amma kamfanin rarrabawa abin da aka ba shi yake rabawa, kuma abin da ƙasar gaba ɗaya ke samu a babban layi yawanci tsakanin megawat 4,000 ne zuwa 5,000, ga mutum fiye da miliyan 200. Tuwo ne kaɗan a gidan yawa. Ga kuma nisa, don wutar da ke zuwa Arewa maso Gabas a kan 'yan layuka ƙalilan take tafiya, in ɗaya ya faɗi kowa ya ji a jikinsa. Wanda yake nan a Oktoban 2024 bai manta kwanakin da yawancin Arewa ta yi cikin duhu ba, lokacin da ƙanƙara ta zama abin nema kamar magani.

To in wuta ta tafi ba ita kaɗai take tafiya ba. Ruwan famfon garin nan daga madatsar Gubi yake zuwa, kuma tace shi da turo shi aikin injina ne. Mai bohol na unguwa shi ma sai da wuta zai cika tankinsa, in babu ya tayar da janareta, kuɗin man ya hau kan ɗan ga-ruwa, shi kuma ya ɗora a kan jarka. Mai niƙa haka, mai walda haka, mai cajin waya haka. Hasumiyoyin sadarwa da dizal suke kwana suna tashi. In sabis ya yi rauni, na'urar mai POS ta tsaya tana juyi, kai kuma kana tsaye da ledar cefane a hannu, mai shago yana jiran alat, mutum huɗu a bayanka suna hura hanci. Kai a lissafinka abubuwa biyar ne suka ɓata maka rai a ranar. A gaskiya abu ɗaya ne ya canza riga sau biyar.

Man fetur shi ne ɗan uwan wuta a wannan gida. Kafin 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki da sanar da cire tallafi ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Yaron da na yi wa tsaki a Wunti a cikin wannan lissafin yake kwana. Akasarin masu keken nan ba nasu ba ne, akwai balas da za su kai wa mai shi kowace yamma, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Shi ya sa yake cusa mutum huɗu a baya ya ɗora na biyar a gefensa, shi ya sa yake tsayawa duk inda ya hangi wanda ya ɗaga gira.

Canji kuma labarinsa daban. Takardar naira 1,000 ta fito ne a 2005, lokacin da in ka riƙe ta za ka yi cefanen gida har ka dawo da saura. Yau ita ce kuɗin da kowa ke fita da shi, ita ATM ke bayarwa, ita mai POS ke bayarwa. Ƙananan takardu su suka fi yawo hannu zuwa hannu, su suka fi saurin yagewa, kuma ba sa dawowa da yawan da suke mutuwa. Sababbin da ake bugawa sau da yawa ba a kasuwa za ka fara ganinsu ba, a wurin biki ne, a hannun masu sayar da su don liƙi, duk da dokar Babban Banki ta 2007 ta haramta liƙin da sayarwar. Naira 5 da 10 sun zama tarihi a aikace, don haka farashi ba ya tashi da biyar ko goma, da hamsin yake tsalle. Mai shago ya ba ka alewa ko ashana a madadin canji, kai ka ɗauka rainin hankali ne, shi kuma da gaske ba shi da shi.

Taransifa da aka ce za ta raba gardama ita ma ta zo da nata. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin canjin fasalin naira, har mai masa da mai rake suka buɗe asusu. Amma kuɗin da ka tura ba tsalle ɗaya suke yi ba. Suna fita daga bankinka, su bi ta cibiyar NIBSS da ke haɗa bankuna, su shiga bankin mai karɓa, kuma duk tafiyar a kan layin sadarwa ake yinta. In suka maƙale, kowane ɓangare yana da wanda zai nuna wa yatsa. Kai kuwa mutum ɗaya ne a gabanka, yarinyar da ke zaune a ƙarƙashin lema da na'ura a hannu, wadda ita ma a albashin wata take.

Akwai wani abu da ya fi rashin kansa ciwo, wato rashin sanin lokaci. A 1972 wasu masana biyu, David Glass da Jerome Singer, suka fitar da sakamakon gwaje-gwajen da suka yi da ƙara. Sun sa mutane aiki ana buga musu amo mai ƙarfi. Waɗanda amon yake zuwa musu ba tsari sun fi yin kuskure da saurin karaya a aikin da aka ba su daga baya, fiye da waɗanda suka san lokacin zuwansa. Wasu kuma aka ba su maɓalli aka ce in sun ga dama su kashe amon. Yawancinsu ba su taɓa shi ba, amma sanin cewa yana nan kaɗai ya sa suka fi jurewa.

Duk matar aure a Bauchi ta san wannan ba tare da ta karanta ba. Ƙarfe biyu na dare fanka ta motsa. Kafin ka gama buɗe ido maiɗakinka ta riga ta miƙe, ta jona dutsen guga, ta jera wayoyin gida a caji, ta cika robobi ta tura firji, ta ɗauko kayan makarantar yara. Tana cikin goge riga ta uku, ɗif. Ba ta cewa komai, sai dai ka ji ajiyar dutsen a ƙasa da ɗan ƙarfi fiye da kima. Da a ce an gaya mata wuta za ta zo daga takwas zuwa sha biyu kullum, awa huɗu kacal, da ta tsara rayuwarta a kai ta yi barcinta. Tsarin rukuni da aka kawo, daga A mai alƙawarin awa 20 zuwa E mai awa 4, yana faɗin yawan awannin ne, ba ya faɗin waɗanne. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, ya ninka fiye da sau uku, sai 'yan rukunin suka koma ƙirga awanni da agogo, sauran kuma suka koma zargin an kwashe rabonsu an kai wa masu biya da tsada.

To ina duk wannan takaicin yake zuwa? Gangare yake bi, kamar ruwa. Wanda ya ja abin yana can inda murya ba ta kaiwa, a Abuja ko Legas ko bayan wani gilashi. Wanda ke kusa shi ne mai keke, mai POS, ɗan ga-ruwa, yaron shago, almajirin da ya yi sallama a lokacin da bai dace ba. An bar jaki ana dukan taiki. Mafi muni shi ne na cikin gida. Ranar Larabar nan da na dawo, ƙaramin ɗana ya taho da gudu zai karɓi leda, ya yi tuntuɓe da butar alwala ruwan ya zube. Tsawar da na daka masa ta fi ƙarfin buta. Uwarsa ta kalle ni ta ce, "Sha biyu ke nan, Malam, ko wannan ba ya cikin lissafi?" Ban ba ta amsa ba. Na san dai rabin tsawar nan ta mai keke ce, rubu'i ta masu wuta, yaron nasa kason bai fi cikin cokali ba.

A nan ne tambayar amayar da takaici take shigowa. Akwai wata fahimta da ta yaɗu, musamman a intanet, cewa fushi kamar tukunya ce a kan wuta, in ba ka buɗe murfi ba za ta fashe, don haka ka fito da shi ko ta wane hali. Bincike bai goyi bayan wannan ba. A 2002 Brad Bushman ya gwada ɗalibai 600 a Amurka. Aka fusata su ta hanyar kushe rubutunsu, sannan aka sa wasu su naushi buhun dambe suna tuna wanda ya kushe su, wasu kuma aka bar su zaune shiru na minti biyu. Masu naushin sun fito sun fi fushi da neman ramuwa. A 2024 shi da wata abokiyar aikinsa suka tattara bincike 154, sakamakon ya nuna abin da ke kwantar da jiki, irin su jan numfashi a hankali da natsuwa, shi ke rage fushi, abin da ke ƙara tayar da jini kuwa ba ya yi. Mai karatun hadisi ba zai yi mamaki ba. Umarnin da ya zo shi ne wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa. Ba a ce ya nemi abin duka ba.

Amma wannan bai sa na yarda da masu cewa a yi shiru kawai ba. Zauna a teburin mai shayi a Jahun ko Kobi bayan isha ka saurara. Wani zai fara, "Yau kwana uku rabonmu da wuta." Na kusa da shi ya ce, "Uku? Ai ku 'yan gata ne." Na uku ya kawo labarin telan da ya ba wa shadda tun kafin azumi, wanda kullum in ya je sai ya tarar an shimfiɗa ta a kan tebur da almakashi a kai, kamar yanzu za a yanka. A kwashe da dariya. Wannan zaman ba ya kawo wuta, ba ya ɗinka shadda. Amma mutum yakan tashi daga wurin ya fi sauƙi, saboda ya gane ba shi kaɗai ba ne, kuma an mai da abin da ya fi ƙarfinsa wasa. Ga mata kuma akwai tsakar gida, da gidan kitso, da gidan suna. Wannan shi ne jajen da al'ada ba ta tanadar wa ƙaramar wahala ba, mutane suka ƙirƙira da kansu.

Iyakar tana wurin maimaici. Wata masaniya, Amanda Rose, ta nuna a 2002 cewa abokan da ke yawan juya matsala ɗaya a tsakaninsu suna ƙara shaƙuwa, amma kuma damuwarsu na ƙaruwa. Duk majalisa tana da irin mutumin nan da in ya buɗe baki kowa ya san inda za a sauka. A waya abin ya fi muni, saboda a teburin shayi akwai lokacin tashi, mai shayi zai kife kofuna ya kashe risho. A Facebook da zaurukan WhatsApp ba a tashi. Ka rubuta takaicinka na safe, mutum arba'in su zo kowa da nasa, ka kwanta da takaicin mutum arba'in da ɗaya.

Addini ma bai ce a haɗiye komai ba, duk da yadda ake saurin toshe bakin mutum da "yi haƙuri". Annabi Yaƙub, a cikin Suratu Yusuf, cewa ya yi yana kai kukan baƙin cikinsa ne ga Allah, bai ce ba ya jin komai ba. A Suratun Nisa'i, aya ta 148, an keɓe wanda aka zalunta daga hanin bayyana mummunar magana. Hindu matar Abu Sufyan ta je gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta faɗi cewa mijinta ba ya ba ta abin da zai ishe ta da ɗanta, kuma ba a ce ta yi gulma ba, hukunci aka ba ta. Abin lura shi ne ta kai maganar inda za a iya warware ta.

Mu ma ƙofofin suna nan, ko da ba kullum ake buɗewa da wuri ba. Mai matsalar wuta zai rubuta wa kamfani, in kwana 15 na aiki suka wuce ba a warware ba ya ɗaukaka zuwa zauren sauraron ƙorafi na NERC, hukumar da ke sa ido a kan harkar wutar lantarki. Hukumar ta sha nanata cewa sayen taransifoma da turaku da waya ba aikin masu amfani da wuta ba ne, amma sau nawa aka zagayo unguwarku da littafi ana karɓar karo-karo? Babban Banki ya sa wa'adi tun 2020: kuɗin da suka maƙale a ATM na wani banki a mayar cikin awa 48, na POS cikin awa 72. Hukumar sadarwa ta NCC tana da lambar 622 ta kai ƙara kyauta, da 2442 ta tsayar da saƙonnin talla. Hukumar karɓar koke-koken jama'a kuwa tun 1975 take.

Me ya sa ba ma zuwa? Wani lokaci lissafi ne kawai: kuɗin keke zuwa banki da dawowa, da yinin da za ka kashe a layi, sun fi abin da aka cire maka. Wani lokaci kunya ce, don ma'aikacin da za ka kai ƙara ƙanin abokinka ne, ko tare kuke sahu a masallaci, kuma ba wanda yake so a ce shi ne sanadin abincin wani. Wani lokaci kuma an taɓa zuwa ne ba a ga komai ba. "Na bar shi da Allah" magana ce mai nauyi in ta fito daga zuciyar da ta yafe. Sau da yawa dai gajiya ce muka sa wa rawani. Kamfani kuma ba ya jin tsaki, takarda yake gani, in ba a rubuta ba a wurinsa ba a yi ba.

Akwai kuma kason da ba Abuja ba ce ta aiko mana. Mai biki ya kafa rumfa a tsakiyar layi ya toshe hanya tun hantsi, ba sanarwa. A ce ɗaurin aure ƙarfe sha ɗaya, wanda ya zo sha ɗaya shi ne bai waye ba. Maƙwabci ya juye shara a kwata da ruwan farko, ta je ta toshe a ƙofar wani. Mai bashi ya ce "gobe in sha Allahu" da bakin da kai da shi kun san goben ba ta cikin kalanda. Wani ya turo maka saƙon murya na minti tara, gaisuwa ta cinye shida. A cikin waɗannan kowa mai ƙorafi ne kuma kowa abin ƙorafi ne. Telan da muke zagi a majalisa, in ka zauna da shi zai gaya maka cewa watan azumi ne kaɗai kakarsa, in bai karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfinsa ba ba zai biya hayar shago ba, kuma rabin masu zaginsa ba su cika masa kuɗin Sallar bara ba.

Ni ma ban fita ba. Naira 200 ɗin nan mai salatif ta kwana biyu a aljihuna. Ranar Juma'a da safe na tsaya sayen masa a Wunti, na ninke ta biyu yadda ɗaurin zai koma ciki, na haɗa ta da wata mai kyau na miƙa ina kallon wani wuri. Matar ta warware ta, ta ɗaga ta sama ta duba, ta dube ni.

"Alhaji, wannan ta sha wuya."

"Haka aka ba ni, Hajiya."

Ta yi ɗan tsaki, ƙasa-ƙasa, irin na wadda ba ta son rasa mai ciniki. Ba ta jefa ta cikin robar kuɗi ba. Ta ɗaga gefen faranti ta saka ta a ƙasa, a wurin da take ajiye canjin da za ta ba na bayana.